Kwanon Mama Celestina

"Ki mayar wa baiwar Allah da kwanonta, Raki. Tun ranar Lahadi yake harara ta daga kan firij."

"Haka nan wayam? A gidanku haka ake yi?"

Falalu ya yi dariya yana ɗaure igiyar takalminsa. Ya ce a gidansu ko sabulu aka jefa a ciki an fita kunya, ga dabino nan cike da leda, ta zuba mana. Raki ta ce dabino ta zuba wancan karon, dabino ta zuba karon da ya gabace shi, har Mama ta tambaye ta wai ko a Gusau ba a hura wuta ne. Wannan karon da gwate kwanon ya zo, kuma da gwate zai koma, na hannunta, ranar Asabar in kasuwa ta ci.

"To, ki dai leƙa ta," in ji shi.

"In na shiga za ta tambayi kwano, ni kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Ba ka jin rediyonta? Ƙalau take."

Ya saɓa jakarsa ya nufi jami'a, inda yake karatun digirinsa na uku. Ita kuma ta tsaya tana kallon kwanon, wata tsohuwar samira mai murfi da zanen jajayen furanni, bakinta duk ya ɓantare.

Gidajen layinsu a unguwar Levenshulme ta birnin Manchester a jere suke kamar haƙora, jan bulo bayan jan bulo, bango ɗaya tsakanin gida da gida. Ta wannan bangon Raki ta san rayuwar maƙwabciyarta kamar yadda ake sanin numfashin wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Ta san tarin safe, da kukan butar shayi, da jan silifas a kan katako, da rediyon da ke kunna kansa kowace safiya ya yi ta zuba har sai an kashe shi. Mama Celestina 'yar Jos ce, Berom, ta zo ƙasar nan aikin jinya tun kafin a haifi mahaifiyar Raki. Mijinta Bartholomew ya daɗe da rasuwa. Ɗanta tilo, Choji, yana tuƙa bas a Birmingham.

A kasuwar Asabar suka haɗu, wadda ake kafawa a filin ajiye motoci kusa da tashar jirgin ƙasa, inda manoman ƙauyuka ke baje kayan gonarsu a ƙarƙashin 'yan rumfunan tamfol. Lokacin Raki amarya ce, baƙuwa, sanyin Manchester ya shiga ƙashinta, kewar gida kuma ta hana ta sakat. Ba abin da take mafarki sai miyar yakuwa. Sai ta hango wasu jajayen karare masu faffaɗan ganye a teburin wani manomi. Ta ɓalli ɗan guntu ta ɗanɗana, tsami ya tsarga mata har kunne, hawaye suka cika mata ido. Manomin ya ɗauki wuƙa zai yanke ganyen ya zubar, ta hana shi. Ta ce da Turancinta na makaranta ganyen take so, karan ya riƙe abinsa. Ta kuma ƙara da Hausa, ƙasa-ƙasa, cewa waɗannan mutane ba su san abinci ba.

"Ke kuma ba ki san mutuwa ba, yarinya na."

Ta juya a firgice. Wata gajeriyar tsohuwa ce cikin ƙatuwar rigar sanyi, tana jan jakar kasuwa mai taya. Ta ce wannan shi ake kira rhubarb, ganyensa dafi ne, karan ake ci. Turawa da sukari suke ɓata shi, amma duk wanda ya san kansa zai yanka shi ƙanana ya zuba a gwate, ba zai sake kukan yakuwa ba. Ta tambayi Raki 'yar ina ce, a ina take zaune, sai ga shi bango ɗaya ya raba su, watanni ba su sani ba.

Daga ranar kasuwa ta zama makarantarsu. Mama ta nuna mata ganyen da ke tsayawa a madadin alayyafo, da wanda sai an murje shi da gishiri kafin ya yi laushi. Ta nuna mata shagon 'yan Pakistan a Stockport Road inda ake samun tsakin masara. Ta kai ta wurin mai kifi, wani jibgegen Bature mai jan wuya da ke tuƙo motarsa daga Fleetwood, bakin teku, tun da asuba, wanda ke ajiye wa Mama bandar kifinta a gefe ko ba ta zo da wuri ba. Mama ta ce a wani gari na bakin teku aka fara ajiye ta da ta zo, Morecambe, inda ba baƙar fata ko ɗaya sai ita, ba barkono, ba manja, sai iska mai gishiri da tsuntsaye masu kuka kamar jarirai. A nan ta gane cewa in mutum ya tsaya jiran abincin gida yunwa ce za ta kashe shi. Sai ya zaga kasuwar mutane da harshensa, ya yi ta ɗanɗanawa har ya ji abin da ya yi kama da gida.

Hausarta ta Jos ce, mai gudu, mai barkwanci. Tana kiran Falalu "ɗalibin da ba ya gama makaranta". Tana kiran Raki "amaryar dabino".

Amma shekarun ba su da kirki ga tsofaffi. Council, wato hukumar gari, ya rufe zauren da suke taruwa cin abincin rana, aka buga katako a tagoginsa. Sai aka aiko wata mata da kwamfuta ta duba ko Mama na buƙatar carer ɗin, mai kula da tsofaffi, da ke zuwa mata kullum. Mama ta share gida tas, ta yi kwalliya, ta dafa wa baƙuwar shayi, kuma duk abin da aka tambaye ta sai ta ce tana iyawa, godiya ga Allah. Ba a jima ba aka soke zuwan carer ɗin. Da Raki ta yi mata faɗa, cewa ta yi ita ba ta taɓa yi wa baƙo ƙorafi a ɗakinta ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba.

Wata Asabar, suna dawowa ta gaban rufaffen zauren, Mama ta tsaya ta huta, ta zaro makulli daga jakarta ta danƙa wa Raki a tafin hannu. Ta ce ita ba ta tsoron mutuwa, ta gan ta a asibiti har ta gaji da ganinta. Abin da take tsoro shi ne irin mutuwar ƙasar nan, mutum ya kwanta a bayan ƙofa ba wanda ya sani, sai wari ya kira mutane, a zo da safar hannu a ɗauke shi kamar kaya.

"Kar ki bari a yi mini haka."

"Haba Mama. Ina raye?"

"Na dai faɗa miki."

Raki ta yi alkawari, da dukan zuciyarta ta yi shi. Ta rataye makullin a ƙusa kusa da ƙofar kicin. Daga baya gwiwoyin Mama suka hana ta zuwa kasuwa, sai dai Raki ta sayo mata, ita kuma ta dafa ta aiko da nasu a samira.

Ranar Juma'a da safe, kwanon na nan a kan firij, Raki da Falalu suka fito tare. Ta tsaya a ƙofar Mama, ta sunkuya ta ɗaga murfin ramin da ake jefa wasiƙu. Rediyo na ta magana a ciki.

"Mama, ina kwana?"

Shiru ya ɗan yi tsawo. Sannan murya ta zo.

"Lafiya lau, yarinya na."

"Yaya ƙafa?"

"Da sauƙi."

Falalu ma ya matso ya gaishe ta, ya ce ɗalibin da ba ya gama makaranta ne. Aka sake yin shiru, sannan ta ce yauwa ɗana, Allah ya ba da sa'a. Raki ta saki murfin, ta kalli mijinta da idon na-faɗa-maka, suka wuce tashar bas. Tana ta murmushi, tana hango fuskar Mama gobe in ta buɗe samira.

Asabar ta waye da rana mai kyau, irin wadda Manchester ke bayarwa kamar da kuskure. Kasuwa ta cika da ƙamshin burodi da soyayyar albasa. Manomin nan ya gane ta, ya ɗaga wuƙarsa yana tsokanarta ko yau ma ganyen take so. Mai kifi ya tambaye ta ina Mum, wato Mama, ya ce ya kwana biyu bai ji wanda ya kushe masa kifi ba, ya naɗe mata biyu mafi maiƙo a takarda. Ta dawo gida kamar za ta tashi sama. Ta tafasa ƙashi, ta zuba tsaki tana juyawa kada ya yi gudaji, ta ɓare kifi ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta yanka rhubarb ƙanana yadda ta ga Mama na yi. Da ta ɗanɗana sai da ta dafa bango. Gida ne, gida sak, a cikin tukunyar Ingila.

Bayan azahar ta cika samira, ta goge gefenta, ta rufe, ta ɗauki makulli. Ta ƙwanƙwasa, ba amsa. Ta yi sallama, ba amsa sai rediyo. Ta buɗe.

Warin ne ya fara tarar ta. Mama na kwance a ƙasan matakala, a ɗan siririn lungun da ke tsakanin ƙofa da kicin, ƙafarta ɗaya a karkace yadda ƙafa ba ta karkacewa. Zaninta ya kwance ya faɗi can gefe, hannunta a miƙe wajensa bai kai ba. Leɓunanta sun bushe sun tsage. Idonta a buɗe yake, kuma da ya sauka a kan Raki sai ta yi ƙoƙarin jan rigar barcinta ƙasa.

Raki ba ta san inda ta ajiye kwanon ba. Ta dai san ta yaye mayafinta ta lulluɓe ta, ta ɗora kan tsohuwar a cinyarta, tana kiran Falalu da muryar da ba ta san tana da ita ba. Sai a lokacin, tana durƙushe a wurin, ta tuna abin da kunnenta ya ji jiya hankalinta bai ɗauka ba. Muryar da ta ce lafiya lau ba daga ɗaki ta fito ba, ba daga kujera ba. Daga ƙasa ta fito, dab da ƙofa.

A asibiti suka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma sanyin daɓe ya shiga huhu. Tun ranar Alhamis ta faɗi. Choji ya iso da yamma cikin rigar aikinsa, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ya riƙe hannuwan Raki biyu yana gode mata da Hausarsa ta yarinta, wadda ya taho da ita daga wurin kakarsa a Jos. Ya ce da ba don ita ba da sai dai gawa. Kowace kalmar godiyarsa kamar ana ɗiga mata tafasasshen mai take jin ta. Falalu na tsaye a gefe. Bai ce ai na faɗa miki ba, ranar ko bayanta, kuma wannan shirun nasa ya fi mata ciwo.

Bayan an yi aiki, da Mama ta farfaɗo sosai, Raki ta jira har suka rage su biyu a bayan labule.

"Mama, don Allah me ya sa kuka ce mini lafiya lau?"

"Gaishe ni kika yi. Me ake cewa?"

"Da kun ce in shigo."

Tsohuwar ta juya kai wajen taga. Ta ce ta so ta faɗa, bakinta har ya buɗe. Sai ta ji muryar Falalu a bayan ƙofa, ita kuwa ga ta ba zani, ta ɓata jikinta. Ta ce a ranta bari ya wuce, yarinyar za ta dawo ita kaɗai, ai tana da makulli. Ta yi ta sauraron takun Raki ta bango, tana jin ta hau sama, ta sauko, ta kunna famfo. Da ta ji ƙamshin kifi ranar Asabar ta san an kusa.

Ba da zargi ta faɗa ba. Har ɗan murmushi ta yi. Raki ta kifa fuskarta a kan bargon asibiti ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka rako ta filin jirgi.

Mama ba ta sake taka ƙasa ba. Asibiti na buƙatar gadonsu, gidanta kuma ba mai kula da ita, jerin masu jiran carer ya yi tsawo. Choji ba zai iya barin aikinsa na tuƙi ba, an riga an fara rage direbobi a wurinsu. Sai ya samo mata ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi a Handsworth, kusa da shi. Motar asibiti ta ɗauke ta wata safiya ana yayyafi, ba ta ko biya ta layinsu ba.

Raki ta bi ta da mako ya zagayo. Ta shiga doguwar mota zuwa Birmingham da ɗan kwanon ɗumi a cinyarta, tana kallon korayen gonaki da tumaki suna wucewa. Handsworth ta yi mata kama da Levenshulme da aka ƙara wa tsawo: tsofaffin gidaje masu tudu, shagunan doya da na zannuwan Indiya, bas a bayan bas. Choji ya tare ta a ƙofa. Ya ce mata ta shirya, Mama ta ajiye Turanci. Ita da ta yi shekaru tana ba likitoci amsa, yanzu in ma'aikata sun yi mata magana sai ta kalle su kamar ruwa ke zuba. Berom take yi, wanda shi ya manta rabinsa, sai Hausa.

Ta ƙanƙance a cikin gadon kamar yarinya. Wata ma'aikaciya mai fara'a tana gyara mata matashi tana kiranta Celeste, darling, da ƙarfi, kamar kurma. Da Raki ta yi sallama, idon tsohuwar ya dawo daga inda ya tafi.

"Amaryar dabino."

"Na'am, Mama."

"Mai kifi ya zo?"

Raki ta ce ya zo, yana gaishe ta. Mama ta ce a gaya masa teku ta cika yau, kada ya fita, tun safe take jin tsuntsayen nan. Ba teku a Birmingham, sai ƙugin motoci a titi, amma Raki ta ce za ta gaya masa. An hana ba ta abinci mai kauri saboda shaƙewa. Raki ta roƙi ma'aikaciyar har ta yarda da kan cokali kawai. Ta buɗe kwanon, ƙamshin gwate ya cika ɗan ɗakin mai warin magani, Choji ya juya baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ta shafa ɗan romon a leɓen Mama. Tsohuwar ta lasa, ta rufe ido, ta daɗe.

"Kin cire ganyen?"

"Na cire."

"Gishiri ya yi kaɗan."

Suka yi dariya su uku, dariya mai ruwa. Da lokacin motar Raki ya yi, Mama ta riƙe gefen mayafinta da yatsu biyu, ta tambaya ko gobe ma za ta zo. Raki ta ce ba gobe ba, amma Asabar tana nan tafe in sha Allahu, da gishiri isasshe. Sai da ta ɓamɓare yatsun a hankali kafin ta iya fita.

Mama ba ta kai Asabar ba. Da safe ta tafi, a tsakanin tashin ma'aikatan dare da zuwan na rana, Choji na kan hanya da fasinjoji. Mai kawo shayi ce ta tura ƙofa ta same ta. Da Choji ya faɗa wa Raki a waya, abu ɗaya ta tambaya: akwai wani a wurin? Ya ce babu kowa. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta zauna a kan matakala, wayar na hannunta.

A Gusau, wanda ya rasu da safe kafin la'asar ya kwanta a makwancinsa, mata sun yi masa wanka ko maza, hannuwan da ya sani, an rufe shi an dawo ana karɓar gaisuwa. Raki ta ɗauka ko na Kirista ne ba zai wuce 'yan kwanaki ba. Sai Choji ya ce akwai takardu, akwai jiran ranar da coci da maƙabarta za su ba su, akwai ƙanwar Mama da ke neman biza daga Jos. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Mama na can a gidan masu shirya jana'iza, a cikin aljihun ƙarfe mai sanyi, da lamba a ƙafarta. Matar da ko a zafin watan Yuli da safa take kwana.

Rediyon kuwa bai san an mutu ba. Kowace safiya sai ya kunna kansa a bayan bango, ya karanta labarai, ya faɗi yanayin gari, ya yi wa kango kiɗa. Raki na tsaye a kicin sai ta ji shi, cokali ya faɗi daga hannunta. Falalu ya ɗauki makulli ya je ya zare shi daga wuta, ya dawo ya ce shi ke nan. Washegari ta sake ji. Ta san babu, ta san kunnenta ne, amma tana ji, kuma a ƙarƙashin maganar rediyon akwai wata ƙaramar murya daga ƙasa, mai ladabi, tana cewa lafiya lau. Ta daina bi ta gaban ƙofar, sai ta tsallaka titi. Ta daina zuwa kasuwa. Ta rame har matan da suke haɗuwa a masallaci suka fara yi mata kallon mai ciki, suna murmushi. Falalu ya ce su je wurin likita, ta ce me za ta ce masa, bango na gaishe ta?

Ana cikin haka Choji ya kira wata Lahadi da hantsi. Ya ce an sa rana, ƙanwar Mama kuma an hana ta biza. Ya ce akwai wata alfarma da yake nema a wurin Raki, in ba zai takura mata ba. Mama ta sha faɗa masa cewa da zanen Zumuntar Mata za a rufe ta, na cocinsu na gida, yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. Shi ba zai samu zuwa Manchester ba kafin ranar. In Raki za ta ɗauko ta sa a post, wato ta gidan waya, masu shirya jana'izar sun ce za su sa mata. Sun tambaye shi yadda ake ɗaurawa, ya ce bai sani ba, matarsa ma 'yar Jamaica ce ba ta sani ba. Sun ce ba damuwa, za su duba a intanet, in ya ƙi su kama da fil ta baya, ai ba mai gani.

Raki ta ce to. Ta ajiye wayar. Falalu ya ce bari shi ya je ya ɗauko, ta ce a'a, akwatin mace ne.

Tare suka shiga. Wasiƙu sun taru a bayan ƙofa har sai da ya tura da kafaɗa. Ta ɗauke kai daga ƙasan matakala, ta hau da sauri tana riƙe numfashi. Ɗakin Mama a gyare yake, gado a shimfiɗe, tabaraunta a kan Littafi Mai Tsarki. Falalu ya jawo akwatin ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Da ta ɗaga murfin, ƙamshin kafur da man zafi ya taso, ƙamshin Mama in ta rungume mutum. Zanen na can ƙasa a cikin leda, shuɗi, an goge shi an ninke, da farar riga da ɗankwali. A ninkin ɗankwalin akwai siririn farin gashi guda, a maƙale.

Ta zauna a bakin gado da kayan a cinyarta. A ranta ta ga hannuwa cikin safar roba suna juya Mama, suna kallon waya, suna soka fil.

Falalu ya karanci fuskarta. Ya shigo ya tsuguna a gabanta, ya yi magana a hankali. Ya ce ita fa ba ta taɓa ganin gawa ba, ko ta kakarta ba a bari ta gani ba, balle wadda ta daɗe a sanyi. Ya ce ga halin da take ciki, ko barcin kirki ba ta yi. Ya ce kuma ba addininsu ɗaya ba, bai san abin da malamai za su ce ba, ya dai san abin da matan masallaci za su ce.

"Maƙwabciyata ce," in ji Raki.

"Na sani."

"Sau biyu tana jirana a bayan ƙofa."

Ya daɗe yana kallon kafet, sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya nemo lambar Choji, ya miƙa mata.

Kafin a ɗauka ta warware ɗankwalin, ta yafa shi a kan gwiwarta, ta gwada ɗaurin. Na farko ya zame. Ta sake, ta ja gefen hagu ya ɗan rufe inda kunne zai kasance, ta soke bakin ta baya, ta daidaita shi da tafin hannu. Hasken rana ya shigo ta labule ya kwanta a kan shuɗin.

"Yaya Choji, ni ce. Na samu zanen, amma ba zan sa shi a post ba. Ka ce musu kada kowa ya taɓa ta. Gobe ina hanya, ni zan ɗaura mata."